Jan jinjimi

Jan jinjimi, wanda a kimiyyance ake kira *Eudocimus ruber*, tsuntsun bakin ruwa ne da ke rayuwa a arewacin nahiyar Amurka ta Kudu da kuma tsibirin Trinidad. Danginsu ɗaya da jinjimin da aka sani a fadamun ƙasar Hausa, sai dai shi ba a samunsa a dazukan Afirka. An san shi da launinsa ja wur, wanda ya rufe jikinsa baki ɗaya in ban da ƙarshen fukafukansa da suke baƙaƙe. Yana ɗaya daga cikin tsuntsaye biyu da ƙasar Trinidad da Tobago ta ɗauka a matsayin tambarinta.

Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya jan jinjimi a rukunin halittun da ba a fargabar ƙarewarsu nan kusa. Duk da haka ta bayyana cewa yawansa na raguwa, kuma a wurare da dama ya daina hayayyafa ko ya ɓace na tsawon shekaru saboda farauta da lalacewar dausayin da ya dogara da shi.

## Suna da rabe-rabe

Hausa ba ta da sunan asali na wannan tsuntsu tun da ba a yankinta yake ba. Sunan "jan jinjimi" siffantawa ce da aka gina a kan sunan ɗan uwansa na Afirka, wato jinjimi, mai farin jiki da baƙin kai. Da Turanci ana ce masa *scarlet ibis*. A Benezuwela da Kolombiya ana kiransa *corocoro* ko *corocora*. A Burazil kuwa sunansa *guará*, kalmar da Fotugisanci ya aro daga harshen Tupi na mutanen asalin ƙasar. Kalmar ta shiga sunayen garuruwa, kamar Guaratuba a jihar Paraná, wanda ake fassarawa da "wurin da tsuntsun ya yi yawa".

Masanin halittu ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ne ya fara ba shi sunan kimiyya a shekarar 1758, inda ya kira shi *Scolopax rubra*. A shekarar 1832 Johann Georg Wagler, Bajamushe, ya ƙirƙiro jinsin *Eudocimus*, wanda a cikinsa tsuntsun yake a yau. Kalmar *Eudocimus* ta fito ne daga Girkanci, tana nufin mai daraja ko wanda ya yi suna, ita kuma *ruber* Latinanci ce mai nufin ja.

Jan jinjimi yana cikin dangin Threskiornithidae, wanda ya haɗa nau'o'in jinjimi da tsuntsayen nan masu baki kamar cokali. A da masana suna lissafa dangin tare da su shamuwa, amma binciken ƙwayoyin gado ya nuna sun fi kusa da zalɓe da balbela da kwasakwasa, don haka yanzu suna cikin babban rukunin Pelecaniformes.

### Alaƙarsa da farin jinjimin Amurka

Nau'i biyu ne kawai masu rai a jinsin *Eudocimus*: jan jinjimi da farin jinjimin Amurka, *Eudocimus albus*. Ƙirar jikinsu da yanayin rayuwarsu kusan iri ɗaya ne, launi ne babban abin da ya raba su. A filayen Llanos na Benezuwela, inda suke zaune tare, masana biyu, Cristina Ramo da Benjamin Busto, sun ga ja da fari suna haɗuwa su yi sheƙa ɗaya a shekarun 1980. 'Ya'yan da ake samu kan fito da launi tsaka-tsaki, ruwan hoda ko ruwan lemo. Wannan ya sa suka ba da shawarar a ɗauke su a matsayin nau'i ɗaya mai launi biyu. Har yanzu yawancin jerin sunayen tsuntsaye na duniya suna lissafa su daban-daban.

An ga irin wannan gaurayar a jihar Fulorida ta Amurka. A farkon shekarun 1960 an kai ƙwayayen jan jinjimi aka sa a sheƙunan farin jinjimi a wurin shaƙatawa na Greynolds da ke yankin Miami. Waɗanda aka ƙyanƙyashe sun gauraya da fararen, jan launin ya riƙa kodewa daga zuriya zuwa zuriya.

## Siffa

Tsawon babban jan jinjimi yakan kai santimita 55 zuwa 63. Namiji ya ɗan fi mace girma, bakinsa ma ya fi nata tsawo, amma launinsu ɗaya. Bakin dogo ne siriri mai lanƙwasa zuwa ƙasa. Ƙafafunsa dogaye ne masu launin ja ko ruwan hoda, akwai 'yar fata a tsakanin yatsunsa da ke taimaka masa tafiya a kan taɓo. Lokacin hayayyafa bakin yakan yi duhu har ya kusa zama baƙi. Idan yana tashi yakan miƙe wuya gaba, ƙafafu baya, ba kamar zalɓe da ke naɗe wuyansa ba. Sukan tashi da yawa a jere ko cikin sahu biyu da suka haɗu a gaba.

Ɗan tsakon ba ja ake ƙyanƙyashe shi ba. Yakan fito da gashi mai duhu, sannan ya koma ruwan toka da ruwan ƙasa, cikinsa fari. Jan yana shigowa ne a hankali yayin da yake sauya gashi, kuma yakan ɗauki kimanin shekara biyu kafin ya cika.

Launin daga abinci yake samuwa. Ƙaguwa da jatan lande da sauran ƙananan halittun ruwa da yake ci suna ɗauke da sinadaran karotinoyid, dangin sinadaran da ke ba karas da manja launinsu. Jikin tsuntsun yana sarrafa su ya tura su cikin gashin da ke tsirowa. Saboda haka idan aka tsare shi a gidan namun daji ba a ba shi abinci mai irin wannan sinadari ba, sai ya koɗe ya koma ruwan hoda. Masu kula da shi kan ƙara masa sinadarin kantazantin a abinci domin launin ya tsaya. A tsare yakan rayu shekara 20 ko fiye.

## Mazauni

Ana samun jan jinjimi a Kolombiya, Benezuwela, Trinidad, Gayana, Suriname, Giyana ta Faransa da Burazil. Ana iya kasa mazauninsa gida uku.

Na farko shi ne gaɓar tekun Atlantika da ta Karibiyan, daga Kolombiya zuwa mashigar kogin Orinoco, ta bi ta Gayana da Suriname har ta wuce mashigar kogin Amazon zuwa jihohin Pará da Maranhão da Piauí na Burazil. A nan rayuwarsa ta rataya ne a kan dazukan mangurob, wato itatuwan da ke tsirowa cikin taɓo a inda ruwan kogi ke haɗuwa da na teku, irin waɗanda ke yankin Neja Dalta a Najeriya.

Na biyu shi ne filayen Llanos na Benezuwela da Kolombiya, nesa da teku. Filayen ciyawa ne masu faɗi da ruwa ke malalewa da damina, su bushe da rani. Kaso mai yawa na tsuntsayen duniya a nan yake.

Na uku ƙaramin rukuni ne da ke kudu maso gabashin Burazil, a gaɓar jihohin São Paulo da Paraná da Santa Catarina, wanda tazara mai nisa ta raba da 'yan uwansa na arewa.

Ba ya yin doguwar ƙaura irin ta tsuntsayen da ke tsallaka nahiyoyi, amma yana bin ruwa. Idan wuri ya bushe ko abinci ya yi ƙaranci sai ya tashi zuwa wani. Tsakanin Trinidad da gaɓar Benezuwela kimanin kilomita 11 ne a inda suka fi kusa, kuma tsuntsayen na kai da komowa a tsakani.

## Abinci da halayya

Jan jinjimi da taɓawa yake neman abinci fiye da gani. Yakan riƙa tafiya a hankali cikin ruwa marar zurfi yana cusa bakinsa cikin taɓo, da zarar ya ji motsi sai ya cafke. A gaɓar teku ƙananan ƙaguwa ne babban abincinsa, sai jatan lande, dodon koɗi, tsutsotsi da ƙananan kifaye. Yakan fita kiwo idan ruwan teku ya janye ya bar taɓo a fili. A Llanos kuwa ƙwari ne suka fi yawa a abincinsa, musamman dangin buzuzu.

Tsuntsu ne mai son jama'a. Yana kiwo cikin gungu, sau da yawa tare da zalɓe da balbela. Da yamma gungu-gungu kan taso daga wuraren kiwo su taru a kan wasu zaɓaɓɓun itatuwa su kwana, ɗaruruwa ko dubbai a wuri guda. Wannan taruwar maraice ita ce masu yawon buɗe ido ke zuwa kallo a Trinidad da mashigar kogin Parnaíba a Burazil. Ita ce kuma ke sauƙaƙa wa mafarauta aiki, domin kowa ya san inda tsuntsayen za su sauka.

## Hayayyafa

Yana hayayyafa ne da damina, lokacin da ruwa ya cika dausayi abinci ya wadata. Sukan yi sheƙuna kusa da juna a kan itatuwan da ruwa ya kewaye, abin da ke hana dabbobin da ke cin ƙwai isa gare su. Sheƙar tarin ƙirare ce ba wani ado. Mace kan saka ƙwai biyu ko uku galibi, masu launin kore-kore da ɗigon ruwan ƙasa. Uwa da uba duka suna kwanci, na tsawon kwana 19 zuwa 23, kuma tare suke ciyar da 'ya'yan ta hanyar amayo musu abinci. 'Ya'yan kan fara tashi bayan kimanin mako biyar, su rabu da iyaye bayan wata biyu da rabi.

Manyan tsuntsayen suna da wata gaɓa kusa da ido da ke fitar da gishirin da ya yi yawa a jiki, shi ya sa suke iya rayuwa a kan ƙaguwar teku. 'Yan tsaki ba sa jure gishiri haka. Binciken da masanin tsuntsaye Keith Bildstein ya yi a kan farin jinjimi ya nuna cewa 'yan tsakin da aka ciyar da abinci mai gishiri zalla ba sa girma yadda ya kamata, don haka iyaye kan yi tafiya mai nisa zuwa fadamun ruwan daɗi su samo musu abinci. Ma'anar wannan ita ce dajin mangurob kaɗai bai isa ba: sai da fadamar ruwan daɗi a kusa kafin hayayyafa ta yi kyau.

## Matsayin kariya

### A matakin duniya

IUCN, mai hedikwata a garin Gland na ƙasar Siwizalan, tana fitar da Jan Kundi, jerin da ke auna haɗarin ƙarewar kowace halitta. Ƙungiyar BirdLife International ce ke yi mata auna tsuntsaye. Kafin a ce tsuntsu yana cikin haɗari akwai ma'aunai da ake dubawa. Daga ciki akwai raguwar yawansa da kashi 30 cikin 100 ko fiye a cikin shekara 10 ko zuriya uku, da ƙanƙantar yankin da yake zaune ƙasa da murabba'in kilomita 20,000, da kuma raguwar manyan da ke iya hayayyafa ƙasa da 10,000. Jan jinjimi bai faɗa ko ɗaya daga cikinsu ba. Yankinsa yana da faɗi ƙwarai, kuma ƙiyasin da aka fi ambata ya sa yawansa tsakanin 100,000 da 150,000. Saboda haka aka sa shi a rukunin mafi ƙarancin damuwa, mai alamar LC.

Wannan hukunci yana magana ne a kan nau'in a dunƙule, bai auna halin da kowane yanki yake ciki ba. Tsuntsun zai iya ƙarewa a wata ƙasa ko jiha alhali matsayinsa na duniya bai sauya ba, muddin akwai shi da yawa a Llanos da gaɓar Amazon.

Haka kuma yana cikin Rataye na Biyu na yarjejeniyar CITES, wadda aka sa wa hannu a birnin Washinton a 1973 domin tsara cinikin namun daji tsakanin ƙasashe. Wannan na nufin ba a fitar da shi ko gashinsa daga wata ƙasa zuwa wata sai da takardar izini.

### Barazana

Babbar barazana ita ce asarar mazauni. Ana sare mangurob domin gine-gine, tashoshin jiragen ruwa, kiwon jatan lande da gawayi, ana kuma janye ruwan fadamu domin noman shinkafa da rake. Sauya hanyar ruwa kan bar ruwan gishiri ya kutsa cikin fadamar ruwan daɗi.

Ta biyu ita ce farauta domin nama da gashi, da kwasar ƙwai da 'yan tsaki. A garin Sinnamary na Giyana ta Faransa an daɗe ana yin furannin ado da gashinsa ana sayarwa, har zuwa lokacin da doka ta kare shi a shekarun 1980. Da yake dubban sheƙuna kan taru a wuri guda, harbi ko yawan kusantar jiragen ruwa na iya sa tsuntsayen su watsar da ƙwayayensu baki ɗaya a wannan shekarar.

Ta uku ita ce gurɓacewar ruwa daga masana'antu, magungunan gona da malalar ɗanyen mai. A 2019 mai ya ɓata dogon yanki na gaɓar arewa maso gabashin Burazil, a 2020 kuma wata malalar ta kai gandun Morrocoy na Benezuwela, wanda yake cikin wuraren da tsuntsun ke zaune.

### Dausayin Caroni

Dausayin Caroni yana yammacin Trinidad, kudu da babban birnin ƙasar, Port of Spain, inda kogin Caroni ke shiga mashigin tekun Paria. Shi ne dajin mangurob mafi girma a tsibirin. An keɓe wani sashe nasa domin kare tsuntsaye a 1953, a 2005 kuma aka sa shi cikin jerin dausayi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar.

Duk da wannan kariya, jan jinjimi ya daina hayayyafa a kai a kai a Caroni tun wajajen 1970. Tsuntsayen sun ci gaba da kwana a wurin, amma idan lokacin sheƙa ya zo da yawa sukan tsallaka Benezuwela. A wani nazari da ya wallafa a 1990, Bildstein ya danganta hakan da shigowar ruwan gishiri. Tun shekarun 1920 aka haƙa magudanai aka gina shingayen ƙasa domin mayar da wani ɓangare na dausayin gonakin shinkafa. Da shingayen suka lalace, ruwan teku ya bi magudanan ya shiga, fadamar ruwan daɗi ta ƙanƙance, iyaye suka rasa inda za su samo wa 'ya'yansu abinci marar gishiri. Ana yawan kawo Caroni a matsayin misalin cewa kare wurin kwanan tsuntsu bai wadatar ba idan ba a kare wurin kiwonsa ba.

Farautar ɓoye ma ba ta tsaya ba, domin akwai masu sayen namansa. A 2018 gwamnatin Trinidad da Tobago ta ayyana shi a matsayin halittar da ke buƙatar kariya ta musamman, inda hukuncin kashe shi ko mallakarsa ya kai tarar dalar Trinidad 100,000 da ɗaurin shekara biyu.

### Dawowarsa kudancin Burazil

Matafiyan Turai na ƙarni na 16 sun ba da labarin yawan wannan tsuntsu a gaɓar kudu maso gabashin Burazil. Daga baya ya ɓace daga mafi yawan yankin, har garuruwan da ke ɗauke da sunansa suka shafe shekaru ba su gan shi ba. A shekarun 1980 aka sake ganinsa a mangurob ɗin Cubatão kusa da tashar jiragen ruwa ta Santos, a daidai lokacin da garin ya yi ƙaurin suna wajen gurɓacewar iska da ruwa daga masana'antu. Yayin da aka tsaurara dokokin muhalli tsuntsayen suka ƙaru, garin kuma ya ɗauke su a matsayin alamar farfaɗowarsa. Daga nan suka bazu kudu zuwa Paraná da Santa Catarina, a 2019 aka gan su a birnin Florianópolis bayan dogon zamani ba a gan su ba. Da yake rukunin ƙarami ne, jihohin kudu sun sanya shi a jerin halittunsu da ke cikin haɗari.

### Sauran wuraren kariya

Daga cikin wuraren da aka keɓe waɗanda tsuntsun ke amfana da su akwai Cuare da Laguna de Tacarigua a Benezuwela, Coppename Monding da Bigi Pan a Suriname, da Reentrâncias Maranhenses a Burazil. A da dama daga cikinsu mazauna yankin na samun kuɗin shiga ta hanyar kai baƙi kallon tsuntsayen a jiragen ruwa, abin da ke ba su dalilin hana farauta.

## A al'ada

Mutanen Tupinambá na gaɓar Burazil sun riƙa saƙa manyan alkyabbu na bukukuwan ibada da jan gashin wannan tsuntsu, kowace da dubban gashi. Kaɗan ne suka rage daga ƙarni na 16 da na 17, kuma an adana su ne a gidajen tarihi na Turai. A 2024 gidan tarihin ƙasar Danmak ya mayar wa Burazil ɗaya daga cikinsu, wadda ta kasance a birnin Kopenhegen tun ƙarni na 17.

A Trinidad da Tobago, wadda ta sami 'yancin kai daga Birtaniya a ranar 31 ga Agusta, 1962, jan jinjimi yana tsaye a gefe ɗaya na tambarin ƙasa yana wakiltar tsibirin Trinidad, tsuntsun *cocrico* kuma a ɗaya gefen yana wakiltar Tobago. Hotonsa yana kan takardar kuɗi ta dala ɗaya.

A adabin Amurka, marubuci James Hurst ya wallafa gajeren labari mai suna *The Scarlet Ibis* a mujallar *The Atlantic Monthly* a 1960. Ana karantar da labarin a makarantun sakandare da yawa na ƙasar, kuma ta hanyarsa ne ɗalibai da dama suka fara jin sunan tsuntsun.